Tekun Kyaftin Kamilu

Don Allah duk wanda littafin nan ya faɗo hannunsa ya yi haƙuri da rubutuna. A bayan littafin bayoloji nake yi, a kan gwiwa, ƙofa a sakaye, kuma ko a makaranta Malama cewa take hannuna kamar kaza ta yi tono. Labarin ne ya ƙi barina in huta, ko wanke-wanke nake in na tuna sai dariya ta ƙwace min. In kun ga kuskure ku tsallake shi. Kada dai a nuna wa Kawu.

Kawu Kamilu ƙanin mamata ne, autan kakarmu Hajiya, gida ɗaya muke a nan Challawa. A kamfanin fata yake aiki, wajen manyan durom ɗin nan da ake juya fatu da magani a ciki. Shekara uku da suka wuce aka tura shi rakiyar tirela ta kai kaya Legas. Kwana tara ya yi. Ya dawo da baƙin gilas, da farar hula irin ta matuƙan jirgin ruwa, da hoto ɗaya a waya: ga shi tsaye ya riƙe ƙugu, bayansa teku shuɗi shar da bishiyar kwakwa. Tun daga ranar ya ce shi sunansa Kyaftin. Ko ruwa aka ba shi a moɗa sai ya ɗanɗana ya ce, "Ba laifi, amma bai kai na can ba."

To sai zaɓen shugaban ƙungiyar ma'aikata ya matso, ƙarshen wata. Kyaftin ba abin da yake so a duniya kamar kujerar nan, don shugaba ne ake miƙa wa lasifika ranar taro. Abokin takararsa Habibu ne, wani shiru-shiru, wanda ya yi alkawarin sayo sababbin butoci a masallacin kamfani. Kuma kowa ya san mutum biyar ne ke juya ƙuri'a, waɗanda ke cin abinci a bencin Talatu mai abinci a bakin get. Inda suka yi, nan sauran ke bi.

Ranar Litinin da rana Kyaftin ya iso bencin, ya ɗora ƙafa ɗaya a kai, ya sauke gilas kan hanci.

"Na ji an ce buta za a saya muku. Buta! Allah sarki. To ni teku zan kai ku."

"Wake da shinkafa ko taliya?" in ji Talatu.

"Talatu, ana maganar teku kina maganar wake?"

"To tekun zan zuba maka a faranti? Matsa min da ƙafarka, mutane ke zama a nan."

Bai kula ta ba. Ya shiga zuba. Otal ne a bakin teku a Legas, bene hawa goma sha biyu. Kwana huɗu za su yi. Gado in ka kwanta sai an zo an tono ka. Kwakwa da tsinken sha a ciki. Kifi girman babur. Akwai wani ma'aikaci, shi aikinsa kawai ya riƙe maka lema yana ce maka sannu.

Abdulbaqi, wani dogon Badamagare da ke ɗaukar ɗanyar fata, ya ajiye cokali. Shi ruwan da ya taɓa gani mafi girma shi ne dam ɗin Tiga.

"Ya kai Tiga?"

"Tiga? Kai Badamagare, Tiga ai kwanon wanke hannu ce."

"To an ce da gishiri. Wa ya zuba?"

"Haka Allah ya halicce shi da miyarsa."

"Bakano in ya fara, sai dai a shimfiɗa tabarma," in ji Abdulbaqi. Amma idonsa ya riga ya yi ƙyalli. "Wa zai biya mana gadon da ake tonowa?"

Kyaftin ya zaro waya ya zagaya da ita gaban hancin kowa. Ga suna ɓaro-ɓaro: Manaja Legas.

"Aminina ne. Kwana shida na yi a wajensa, ko tari na yi sai ya aiko a duba ni. Mota kuwa luksuriyos ce mai sanyi da talabijin. Ku dai ku ɗinka kaya. Alhamis ta sama za mu tashi."

Kafin a tashi daga bencin nan mutum biyar sun ce sun shiga. Talatu ta ce Allah ya tsare, in sun dawo su taho mata da guntun teku a leda.

Saura magana ɗaya, ita ce duti. A kamfaninsu durom ba ya tsayawa, don fata in ta zauna a magani ba a juya ta ba, ta lalace. Shi ya sa duk mai son hutu sai ya kawo wanda zai tsaya masa, shi mai tsayawar ya sa hannu a littafin Malam Tijjani, foman ɗinsu, wani dattijo da ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Mutanen biyar suka yi cirko-cirko a ƙofar ofis, kowa na tunanin wa zai roƙa.

Shi kuwa Kyaftin sati biyu ya yi yana koyon sabon sa hannu, na shugabanci. Sunansa ne, sai wata doguwar jela da ta lanƙwaso ta zama jirgin ruwa har da hayaƙi. Bangon banɗakinmu duk ya cika da shi da gawayi. Tun da ya koya bai samu inda zai yi shi a gaban mutane ba.

"Me kuke tsaye kamar an kore ku? Malam, ku kawo littafin nan."

"Kai za ka tsaya wa Abdulbaqi?"

"Ku sa sunana. Ina da yara a kamfanin nan, daga baya zan cike da su."

Ya karɓi biro ya ja jirgi. Aka ce, "Kai! Kyaftin!" Daɗi ya kama shi. Ya ja na biyu, hayaƙin ya fi na farko. Na uku har da tuta. Malam Tijjani ya dube shi ta saman tabarau.

"Kamilu, ka san abin da kake sa wa hannu kuwa?"

"Malam, shugaba ba ya tsayawa karatu. Saura na wa?"

Jirgi biyar ya ja a littafin nan. Ya fita yana kaɗa biro, bai ma mayar wa Malam abinsa ba.

Washegari ya ce ba zai kai mutane Legas su ba shi kunya ba, sai an koya musu zaman bakin teku. Ya samu wani direban tifa ya ce a kawo yashin kogi. Direba ya tambaya ina za a juye, Kyaftin yana waya ya nuna da leɓe. Tifa ta juye tas a ƙofar gidanmu, ta toshe zaure.

Hajiya ta fito za ta unguwa ta tarar da tudu.

"Auta! Gini za ka yi mana?"

"Hajiya, bakin teku ne."

"Bakin me? To ta ina zan fita, ta ruwa?"

"Ku ɗan hau ta gefe, Hajiya, ai motsa jiki ne."

"Motsa jikin gidanku."

Da azahar ya jera mutanensa biyar a kan yashin, kowa ya miƙe a rigingine, an rufe fuska da hula, an haɗa hannu a ƙirji. Shi yana zagaya su da lemar Hajiya yana ba da umarni.

"A saki jiki! Abdulbaqi, kwanciyar masu hali, ba ta masu gadi ba. Ka yi kamar ba ka da matsala."

"Yashin nan yana gasa ni."

"Haka na can ma yake. Ka ce wayyo daɗi."

Ana cikin haka wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ɓullo lungun, ta ga maza biyar a jere an rufe musu fuska. Ta saki ƙullin goronta ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Duk a kamfanin? Jama'a ku fito!"

Kafin ka ce me, lungu ya cika. Mata na leƙe ta katanga, wani har ya tafi kiran liman. Abdulbaqi ya ɗaga hula ya ce, "Iya, muna Legas ne," tsohuwa ta zuba da gudu ta bar takalmi ɗaya.

Gari ya waye babu yashi. Maƙwabta sun bi shi da bokiti da baro tun da sassafe, kowa da ɗan gyaran da ya daɗe yana jira. Mai gidan da ke kallonmu ya leƙo daga kan tsani yana yaɓe.

"Allah ya saka da alheri, Kyaftin. Katangata ta miƙe. Yaushe za a kawo siminti?"

Kyaftin ya ce ba komai, darasin yashi ya ƙare dama, saura na ruwa. Ya karɓo tib ɗin tayar tirela guda shida wajen mai faci, aka hura, suka ɗunguma kogin Challawa kowa da nasa a wuya, yara na bin su da waƙa. Lokacin rani ne, ruwan iyakarsa gwiwa. Masu haƙar yashi suka jingina da sheburansu suna kallo.

Kyaftin ya zura tib a ƙugu da ƙyar, don tumbinsa ba kaɗan ba ne. Ya shiga ruwa da baya da baya, yana fuskantar ɗalibansa.

"Ku duba da kyau. In igiyar ruwa ta taso kamar bene, ba a gudu. Ƙirji ake ba ta. Ni akwai wadda ta zo min, na ce mata ke!"

"Malam, akwai rami nan bayanka," in ji wani mai yashi.

"Ka ji ɗan kogi zai koya wa ɗan teku."

Taku ɗaya ya ƙara. Sai ji aka yi ɓulum. Tib ya kife da shi, kai a ƙasa, ƙafafu biyu a sama suna tuƙa keke. Farar hula ta kama hanyar Wudil ita kaɗai.

"Wannan ma cikin darasin ne?" in ji Abdulbaqi.

"Kai ja shi, mutuwa zai yi!" in ji mai yashin.

Badamagaren da bai iya ruwa ba shi ya shiga ya kamo ƙafa ɗaya, masu yashi suka kama ɗayar, aka finciko shi kamar tarwaɗa, taɓo har cikin kunne. Da ya gama tari ya ɗaga yatsa.

"Kun gani? Abin da ba a yi ke nan. Da gangan na nuna muku."

Tib kuma ya ƙi fita. A haka ya hau bayan babur ya dawo gida, sai da mai faci ya zo ya sace iskar a tsakar gida, Hajiya na zaune tana tafa hannu. Tsakanin yashi da kogi da neman sabuwar hula a kasuwa, maganar yaran da za su cike duti ko sau ɗaya ba ta faɗo masa ba.

Alhamis da hantsi bakin get ya cika maƙil. Masu fitowa daga aiki sun ƙi tafiya gida, masu shiga sun ƙi shiga. Matafiya biyar sun sha sabuwar shadda, kowa da jakar bakko da tib a kafaɗa. Abdulbaqi har da galan, wai zai ɗebo wa tsohuwarsa ruwan ta gani. Talatu ta soya musu dambun nama. Habibu ma ya zo, yana gefe ya harɗe hannu. Kyaftin ya hau benci da sabuwar hula, yana duba agogo.

"Yanzu za ku ga mota. Kada kowa ya taɓa gilashinta."

Sai ga hon. Wata tsohuwar tirela ta shawo kwana tana tari, ƙudaje na yi mata rakiya. Ƙamshin ɗanyar fata ya riga ta isowa. Direban, Muntari, ya leƙo da ɗan tawul a wuya.

"Ina masu Legas? Wani Kyaftin ya ce in rage musu hanya. Ku hau baya, akwai wuri kan buhuna."

Ido ya dawo kan Kyaftin.

"Ina talabijin ɗin?" in ji Abdulbaqi.

"Wannan ta kaya ce," in ji Kyaftin da sauri. "Ta mutane tana hanya."

Muntari ya ƙura masa ido, ya cire masa gilas da hannunsa, sai ya fashe da dariya har yana dukan ƙofa.

"Kamilu Gosulo! Ashe kai ne Kyaftin ɗin? A waya ka ce min leburori ne!"

"Direba, ka san shi ne?" in ji Talatu, ta riga ta matso da ludayi a hannu.

"Ni na kai shi Legas! Kwana shida muka yi a layin shiga tashar jirgi, mota ba ta motsa ba. A ƙarƙashin tirela yake kwana, sauro ya mai da shi abinci."

"To tekun fa?"

"Wane teku? Ranar da muka hau gada na ce masa leƙa ka ga ruwa, ya rufe ido ya kama salati har muka sauka."

"Ƙarya ne! Ga hoto!" Kyaftin ya ɗaga waya. Kuskuren da ya yi ke nan, don Talatu ta fizge, ta sa yatsa biyu ta buɗe hoton, ta ƙara buɗewa.

"Kyaftin, tekun naka har da soket?"

Aka yi caa a kanta. Ga shi nan kuwa, a gindin bishiyar kwakwa, soket fari da cajar waya a jiki.

"Bangon shagon aski ne a gareji," in ji Muntari yana share hawaye. "Zane ne."

"Manaja Legas fa?" in ji Abdulbaqi.

"Manajan gidan wanka. Mutumin kirki ne, yana ƙara masa ruwa rabin bokiti."

Dariyar da aka yi har masu gadin kamfanin da ke kallonsu sai da suka fito. Kyaftin yana kan benci yana ta "Ku saurara, ku saurara, akwai bayani," sai get ya buɗe. Malam Tijjani ya fito da littafi a hammata. Bai ɗaga murya ba.

"Kamilu. Durom na ɗaya, yau da safe, sunanka. Na uku, sunanka. Wajen ɗanyar fata, sunanka. Da yamma wuri biyu, sunanka. Ga naka dutin kuma, don ban ga wanda ya tsaya maka ba. Ina yaran?"

Kyaftin ya waiga dama, ya waiga hagu. Duk wanda suka haɗa ido sai ya kama kallon sama.

"Malam, ai wannan sa hannu na girmamawa ne."

"Littafina bai san girmamawa ba. Ga jirage biyar, har da mai tuta."

"To mutum ɗaya zai rabu shida ne, Malam?"

"A'a. Ɗaya bayan ɗaya za su tafi. Kowa kwana huɗunsa, kai kuma ka yi naka ka yi nasa. Kwana ashirin ke nan. Sauko. Ka taho min da birona."

Haka Kyaftin ya sauko daga benci da shaddarsa da hularsa, aka miƙa masa doguwar safar roba da takalmin ruwa. Talatu ta bi shi da murya.

"Kyaftin, in igiyar durom ta taso, ƙirji ake ba ta!"

Abdulbaqi ne ya fara tafiya. Ya ajiye tib, ya riƙe jakarsa da dambunsa, ya wuce tasha ya hau motar Damagaram wajen tsohuwarsa da ya shekara biyu bai gani ba. Ya dawo da cuku, ya ajiye wa Kyaftin a kan durom ya ce tsohuwa ta ce a gai da Bakano mai jirgi. Na biyu ya je Jigawa ya rufe ɗakinsa kafin damina. Na uku bai je ko'ina ba, barci ya yi kwana huɗu, ya dawo kumatu sun fito. Shi kuwa Kyaftin tumbi ya zube, yanzu kam da tib zai shige shi ba gardama. In ya dawo gida ko sallamar kirki ba ya iyawa. Hajiya ta ce tun da ta haife shi ba ta taɓa samun shiru irin na kwana ashirin ɗin nan ba.

Ranar zaɓe aka taru a filin masallacin kamfani. Kyaftin ya riga ya fid da rai, ya samu bayan taro ya jingina da bango, barci ya kwashe shi baki buɗe. Aka ce Habibu ya yi jawabi. Habibu ya miƙe ya gyara murya.

"Ni butoci na ce zan saya, kuma zan saya. Amma shekarata tara a kamfanin nan, ban taɓa ganin ɗan takarar da ya yi wa mutum biyar aikinsu suna gida suna hutawa ba. Na janye. Ni dai in za a sake tafiya, a sa da ni."

Hannu ya tashi sama kamar an shuka. Abdulbaqi biyu ya ɗaga. Aka girgiza Kyaftin aka danƙa masa lasifika, ya farka a firgice yana cewa "An juya, an juya!" Sai da aka faɗa masa sau uku kafin ya gane. Ya miƙe. Ya lalubo gilas ya saka. Ya gyara hula. Ana gani ƙirjin nan ya fara tasowa.

"Jama'a, Legas dama ta yi mana kaɗan. Baɗi in Allah ya kai mu, Bahar Maliya!"

Kabbara ta tashi. Kafin ya rufe baki mutum talatin da huɗu sun ja layi, Habibu a gaba, Malam Tijjani ya buɗe sabon shafi, ya miƙo biro. Ranar aka fara ganin haƙoransa.

Yau kwana uku ke nan shugaba yana yawo da hannun dama a naɗe da bandeji, wai ya gurɗe a wajen aiki. Amma jiya da idona na gan shi a bayan gida da gawayi yana gwada jirgin da hagu. Ga shi can ma yana ƙwala min kira, wai Aina'u ruwan zafin gasa hannunsa, bari in tura littafin nan ƙarƙashin katifa kafin ya